Jan Biro a Kan Sunan Yaya

Ƙanenta ne ya soke sunanta da hannunsa, saura wata tara kacal ta cika shekarun da za su ba ta fansho. Ba baƙo ba ne ya yi mata, ba kuma maƙiyi ba. Ƙanenta ne ciki ɗaya, wanda ita kaɗai take kira Auta, alhali jami'a da cikin gari duk Shugaba suke ce masa.

Yadda abin ya zo ba shi da wuyar ganewa. Gwamnati ta zaftare kuɗin da take ba jami'a, ta ce kowa ya san yadda zai yi. Majalisar gudanarwa ta zauna, a majalisar kuwa akwai kujera guda ta shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, Auta ne a kanta. Aka ɗora masa kwamitin da zai nemo inda za a tsuke. Kwamiti ya ɗaga kai sama ya ga motocin manya, ya kawar da ido. Ya dubi gefe ya ga babbar ƙofar da ƙungiya ta fara ginawa, wadda jami'a ta ɗauki nauyin rabinta, ya ce wannan fuskar makaranta ce, ba a taɓa ta. Sai ya dubi ƙasa. A ƙasan nan masu shara suke, da masu yankan ciyawa, da masu wanke kwalaben ɗakin gwaje-gwaje irin yayar tasa, wadda yake kira Yaya. Aka ce a sallame su, a ba ɗan kwangila aikin.

An dai ware mutum goma sha biyu da suka kusa ritaya, aka ce a bar su su ƙarasa. Sunan Yaya ne na bakwai. Da takardar ta zo gaban Auta, ya zaro jan biro ya ja layi a kansa.

A bakin famfo labarin ya same ta, hannunta cikin kumfa. Dogo ne ya kawo mata, babban ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen, mutumin da suka shekara ashirin suna tsokanar juna. Ranar bai tsokane ta ba. Ya tsaya yana ta goge gilashin idonsa da bakin riga.

"Uwar Kwalabe," ya ce, don haka ake kiranta a sashen, "ajiye wannan ki zauna."

"In na zauna wa zai wanke maka? Kai da ko kofin shayinka ba ka iya ɗaurayewa?"

Ya miƙa mata takardar. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta san sunanta, ta kuma san rubutun ƙanenta a gefen layin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar masa, ta ƙarasa wanke kwalaben da ke gabanta, ta jera su a kife kamar kullum.

Kashegari ta mayar da kayan aiki a sito: farar riga, safar hannu, da dogon takalmin roba da take sawa saboda fasassun gilasai. Mai sito ya ce har da katin asibiti. Ta ce wannan ai na lafiyarta ne. Ya nuna mata a rubuce, ya ce shi ma ɗan aike ne. Ta cire ta ba shi. Shekara goma sha ɗaya da katin nan take karɓar allurar suga duk wata a asibitin makaranta.

Da yamma Auta ya zo kwatas ɗin ƙananan ma'aikata. Ya bar motarsa can nesa, ya tako da ƙafa. Ya same ta tana ɗaure tukwane, don an ba su kwana talatin su tashi.

"Yaya, na san ranki ya ɓaci."

"Zauna, Auta. Kujerar ce dai na riga na ɗaure."

Ya tsaya a tsaye. Ya ce ta fahimce shi. Saura wata huɗu zaɓen ƙungiya, abokin takararsa Lauya da mutanensa sun zuba masa ido, jira kawai suke ya yi kuskure ɗaya. In aka ga sunan 'yar'uwarsa cikin waɗanda aka bari, shi ke nan, gobe yana jarida. Ya ce shugabanci haka yake, da gida ake farawa.

"Wata tara ne fa, Auta."

"Fanshon nawa ne duka-duka? Abin da ba ya isar mutum mako biyu. Ki dawo gidana ki huta. Kin wahala da ni, yanzu lokacina ne."

"Allurar fa? Sun karɓe katin."

Ya dafa ƙirjinsa. "Ni ne katinki, Yaya. Daga yau ni ne katin asibitinki."

Ta dube shi. Fuskar nan ce dai da take gogewa da bakin zane yana ƙarami. Ta ce to.

Kafin ta bar makaranta ta biya ta asibiti ta yi sallama da Nas, ma'aikaciyar jinyar da ta saba ba ta allura. Nas ta ja ta bayan labule ta cusa mata allurar wata huɗu a jaka, ta ce kada ta gaya wa kowa. Ta riƙe mata hannu ta ce, "Abu biyu. Maganin nan ba ya son zafi, firji ne gidansa. Sai ƙafarki, kada ki yarda ki taka ƙasa ba takalmi. Ƙafar mai suga ba ta kawo rahoto da wuri."

Ɗakin da aka ba ta yana bayan kicin. Nan ake tara kujerun roba na ƙungiya, da allunan da ke ɗauke da hoton Auta yana murmushi. Aka matsar da su gefe aka shimfiɗa katifa. Matar Auta ta tarbe ta da fara'a, ta ce gida gidanta ne. A makon ne kuma ta sallami mai aikin gidan. Ta ce yanzu da Yaya take nan, zama da bare ba shi da amfani, ga shi abubuwa sun yi tsada.

Ba wanda ya ce wa Yaya ta yi shara. Tsintsiya dai ta gani a jingine a ƙofar ɗakinta. Ba wanda ya ce ta yi girki. Matar Auta dai tana fita aiki da safe, ta bar shinkafa da nama a kan tebur ta ce, "Yaya, in kin ji ƙarfi." Yaya kuwa tun da take ba ta taɓa zama ta ga aiki a gabanta ba. Allurarta ta zuba a wata robar man shafawa mai murfi, ta sa a ƙofar firji, can ƙasa.

Duk Asabar da rana shugabannin ƙungiya suna taro a falon Auta. Sakatare da littafinsa, Injiniya da dariyarsa mai girgiza kofuna, Ma'aji, mace ɗaya tilo a cikinsu, da wasu 'yan rakiya. Yaya ke dafa musu, ita ke kawowa, ita ke kwashewa. Tana shiga tana fita take tsintar maganarsu.

Ma'aji ta taɓa cewa rufin ɗakin karatu yana yoyo, littattafai sun fara ruɓewa, asibitin makaranta kuma ko auduga babu. Ta ce ko a dakatar da dutsen ado na ƙofa a tura kuɗin can.

Auta ya yi murmushi irin na allo. "Ranki ya daɗe, masu ba mu gudummawa so suke su shigo da 'ya'yansu su nuna musu sunansu a jikin bango. A jikin auduga za ki rubuta musu suna?"

Injiniya ya fashe da dariya, Sakatare ya rubuta an yi watsi da shawarar.

A taron ne wani ya kawo zancen Lauya, wai yana yawo yana cewa kwamitin ya yi son kai. Daidai lokacin Yaya ta sunkuya tana ajiye faranti. Auta ya nuna ta da hannu.

"Ga amsar Lauya nan. Wannan da kuke gani yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da hannun nan na soke sunanta. Duk wanda ya ce na yi son kai, ya zo ya gan ta."

Aka tafa. Injiniya ya ce wallahi wannan sai an sa a takardar kamfe. Ma'aji ce kaɗai ta sunkuyar da kai. Yaya ta tsaya da farantin a hannu, ba ta san ko ana so ta yi godiya ba ne. Daga ranar, duk baƙon da ya zo sai an kira ta daga kicin ya gan ta.

Da ta koma ɗaukar allurar yamma, ba ta ga robar a firji ba. An shaƙe firjin da kwalaben lemo har ƙofa. Ta dudduba, ta same ta a kan taga, kusa da murhun gas, rana ta wuni tana dukanta. Murfin har ya yi laushi.

"Ayya, ni ce," in ji matar Auta. "Wuri ne babu. Kuma Yaya, tsakani da Allah, baƙi suna buɗe firjin nan da kansu. Mutum ya zo ɗaukar lemo ya ci karo da allurai, ai sai ya ji wani iri."

Yaya ta mayar da robar. Asabar ta gaba aka sake fitar da ita. Ta uku aka sa mata a kular da ƙanƙararta ta narke tun hantsi. Ruwan maganin da yake garau ya fara yin hazo-hazo. Ta kai wa Auta yana ɗaura agogo zai fita, ta ce tana jin ya lalace, ƙishirwa ta dame ta, idonta na yin duhu.

Ya ɗaga kwalbar ya duba a haske. "Yaya, magani ne fa, ba ƙanƙara ba da zai narke. Ga shi nan cike. Ki ƙarasa wannan, in ya ƙare mu saya."

Ta ci gaba da tsira wa cikinta ruwan da ba ya aikin komai.

Kofin Injiniya ne ya fashe. Yana ba da labari ya kaɗa hannu, kofi ya tarwatse a kan tayil. Aka kira Yaya. Gidan Auta ba a shiga falo da takalmi saboda kafet, don haka ta cire silifas a bakin ƙofa, ta shiga ta share, ta kwashe. Shekara ashirin da tara tana aiki cikin gilashi bai taɓa yankarta a ƙafa ba, saboda takalmin robar nan da ta mayar sito. Ranar wani ɗan tsinin ya shige diddigenta na dama, ba ta ma ji ba. Matar Auta ce ta ga sawun jini daga falo har kicin.

"Yaya, wa ya yanke? Dubi tayil."

Yaya ta ɗaga ƙafa ta gani. Ta zare gilashin da farce, ta ɗaure da tsumma, ta ɗauko abin goge ƙasa ta bi sawun nata ta goge.

Mako ɗaya wurin bai rufe ba. Mako biyu ya kumbura, bakinsa ya yi fari. A na uku ya fara ruwa. Ta gaya wa Auta, ya leƙa daga tsaye ya ce a sa masa ruwan gishiri. Ta sake gaya masa, ya ce zai turo mai kemis. Mai kemis ya zo ya yi mata allura biyu, ya ba ta ƙwayoyi ja da rawaya a ƙullin leda, ya ce ta rage tsayuwa. Ranar Asabar ce, akwai mutum ashirin da za su ci abinci.

Wata Talata da gidan ya watse ta ɗingisa ta hau motar haya zuwa asibitin makaranta. Ta wuce ta gefen sabuwar ƙofar, leburori na manna mata dutse mai sheƙi. A asibiti ta zauna a benci har layi ya ƙare. Mai karɓar kati ya ce ba kati ba ganin likita, dokar kwamiti ce. Nas ce ta hango ta, ta ja ta ɗakin wanke ciwo ta rufe ƙofa. Ta kwance tsumman, ta dubi ciwon, ta dubi Yaya.

"Tun yaushe?"

"Wata ɗaya ke nan, da 'yan kwanaki."

Nas ta gwada jininta, ta duba na'urar, ta sake gwadawa. Ta karɓi kwalbar allurar ta girgiza, ta jefa a kwandon shara.

"Wannan ruwan famfo ya fi shi. Uwar Kwalabe, ki saurare ni. Ba ciwon da za a wanke a nan ba ne, ko da akwai kayan wankewar, bare babu. Babban asibiti za ki, a kwantar da ke. Yau, ba gobe ba. Ina ƙanen naki?"

"Yana fama da jama'a."

Nas ta naɗe mata ƙafar da bandejin da ta saya da kuɗinta don 'yarta, ta rubuta takarda ta ce a ba shi hannu da hannu.

Labari ya riga ta isa gida. Wani yaron Lauya a siyasar ƙungiya, babban mutum da gemunsa, ya gan ta a benci ya ɗauki hotonta. Auta ya dawo ransa a ɓace, ko takalmi bai cire ba ya zagayo bayan kicin.

"Yaya, me na yi miki? Kin je kin zauna a gaban kowa kamar marar gata. Yanzu ana yawo da hotonki, wai na kori yayata kuma na aika ta ta bayan fage a duba ta kyauta. Duk abin da na gina kin rusa min da zama ɗaya."

Ta miƙa masa takardar Nas. Ya karanta, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

"Su ma'aikatan jinya haka suke, komai sai sun kambama. In na kwantar da ke yanzu, gobe Lauya zai kai masu hoto bakin gadonki. Saura kwana goma sha takwas. Ranar da za a buɗe ƙofa ranar za a yi zaɓe. Ana gamawa, wallahi da kaina zan kai ki asibitin kuɗi, ɗaki ke kaɗai, har da talabijin."

"Allurar fa? Ta zubar da waccan."

"Zan sa direba ya sayo."

Direba ya zagaya kemis biyu bai samu irin tata ba, aka tura shi ɗauko rigunan kamfe daga wurin mai ɗinki, zancen ya bi iska. Da ta tuna wa Auta bayan kwana uku, ya dafe kai ya ce ai ya ɗauka an sayo.

Ƙafar ta fara wari. Da farko ita kaɗai take ji, sai matar Auta ta fara kunna turare a kicin. Daga baya ta ce, cikin ladabi, ko Yaya za ta riƙa hutawa a ɗaki ranar taro, ita za ta ɗauko mai girki na yini ɗaya. Aka daina kiran Yaya baƙi su gan ta. In za a ɗebi kujeru daga ɗakinta, direba yana shiga da numfashinsa a riƙe, ya fito da sauri. Yatsunta biyu suka yi baƙi. Zazzaɓi yana zuwa da la'asar ya girgiza ta har haƙoranta su haɗu. Duk da haka da safe takan ja jiki ta zauna a kan kujera 'yar tsugune ta yanka albasa, don ba ta iya cin abincin gidan da ba ta taɓa aikinsa ba.

Saura mako ɗaya zaɓe Dogo ya zo duba ta. Ya sunkuya ya shiga ɗakin, ya zauna a kan kujerar roba, hoton Auta na kallonsa daga bango. Ya yi ƙoƙarin wasa.

"Uwar Kwalabe, tun da kika tafi ba mu da sauran kwalba. Yaran ɗan kwangila da sabulun wanki suke wanke min su, duk gwajin da ɗalibai suka yi sai ya fito da kumfa."

Ta yi dariya kaɗan. Sai ta tambaye shi sauran mutum goma sha ɗayan da aka bari, ko suna lafiya.

Dogo ya cire gilashinsa. "Goma sha biyu ne."

"Ai an cire ni."

"An cire ki, aka sa wani. Direban surukin shugaban majalisa. Shi saura shekara shida ma ya yi ritaya."

Ashe ko sisin kwabo jami'a ba ta tsira da shi ba a kan sunanta. Gurbin kawai aka buɗe wa wani.

Da Auta ya dawo ta tambaye shi, ba da faɗa ba. Ya ce wannan ba shi ya sa ba, daga sama aka kawo, kuma shi abin da ya dame shi hannunsa ya fita da tsabta. Dogo, da bai riga ya tafi ba, ya tare shi a tsakar gida ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar nan ba za ta kai Asabar ba." Auta ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi ko likita ne shi. Ya kuma tuna masa cewa kwamiti bai gama aiki ba, akwai zagaye na biyu da zai duba manyan ma'aikatan sassa. Dogo yana da 'ya'ya biyar. Ya sa gilashinsa ya fita.

Ranar Juma'a Auta ya shigo da kwali a hannu. Takalmi ne sabo, baƙi, mai ɗan ƙyalli. Ya ce ya yi tunani, hoton nan na Lauya ba abin da zai kashe shi sai a ga Yaya a layin gaba wurin buɗe ƙofa, cikin shiga mai kyau. Awa ɗaya kawai. Ya durƙusa da kansa zai sa mata. Na hagu ya shiga. Da ya ɗaga zanen ya ga ta dama, ya kawar da fuska, ya miƙe.

"To ki huta. Gobe war haka an gama komai."

Ya bar kwalin a bakin katifa.

Asabar tun da hantsi gidan ya watse. Auta, matarsa, direba, har mai gadi an ba shi rigar kamfe an tafi da shi. Aka kwashe kujerun ɗakinta kaf, aka bar ta da alluna. Wajen azahar ƙishirwa ta tashe ta. Ta rarrafa zuwa kicin, ta kama ƙofar firji ta buɗe. Babu komai ciki, an tafi da lemon wurin taro. Nan ta zame ta kwanta a kan tayil.

A wurin taro Dogo yana tsaye a baya cikin rana. Ya ga an yanke kirtani, an yaye ƙyalle daga kan dutsen da aka sassaƙa sunaye, na Auta a sama. Ya ji Auta a lasifika yana cewa jami'a uwa ce, kuma shi saboda uwar nan bai bar ko yayarsa ta jini ba, tana gida yanzu tana hutawa, tana kuma gaishe da kowa. Ana cikin tafi Dogo ya ratsa mutane ya fita ya tari mota.

A kwance ya same ta a kicin ɗin Auta, shi da mai motar suka ɗauko ta. Hanyar babban asibiti ta gaban jami'a ta bi, motocin manyan baƙi sun toshe ta, suka yi kusan awa ɗaya a wurin. Yaya ta buɗe ido sau ɗaya, ta ga ƙofar ta taga, doguwa, fara, da tutoci. Ta ce, "Ta yi kyau," ta mayar da ido ta rufe.

Likita bai ɓoye komai ba. Ya ce da mako uku da suka wuce ne, da wanki da allura sun isa. Da mako ɗaya ne, da yatsu kawai za a cire. Yanzu ruɓar ta hau, in aka kai gobe ba ƙafa ake magana ba. Ya ce a kira ɗan'uwanta ya sa hannu. Dogo ya kira Auta sau tara, wayar a kashe, ana ƙirga ƙuri'a. Aka ɗan farfaɗo da Yaya da ƙarin ruwa, aka karanta mata takardar. Ta karɓi biro ta rubuta sunanta da kanta, a hankali, harafi bayan harafi.

Auta ya ci zaɓe da rata mai yawa. Ya zo asibiti Lahadi da rana, shi da Sakatare, da ledar lemo da ayaba. Ya tsaya a bakin gado yana kallon inda bargo ya kwanta shafal daga gwiwa zuwa ƙasa. Idonsa ya kawo ruwa, ba na ƙarya ba.

"Yaya, me ya sa ba ki gaya min abin ya kai haka ba?"

Ta dube shi. Takardar Nas tana nan a aljihun wata rigarsa, an ma wanke ta da ita.

Ya ce zai saya mata ƙafar roba, irin ta waje. Ya ce zai kai maganar katin asibiti gaban majalisa a zama na gaba, ko na bayansa, in an samu sarari. Sakatare ya ce ƙungiya gaba ɗaya tana jajantawa, kuma za a rubuta a littafi. Auta ya matso ya kama hannunta.

"Ki yi magana mana, Yaya. Ni ne fa, Autanki."

Ta zare hannunta a hankali ta mayar ƙarƙashin bargo.

"Na gode, Shugaba," ta ce. "Allah ya taya riƙo."

Bai sake jin ɗaya sunan daga bakinta ba.

Majalisa ta zauna sau uku bayan nan, maganar kati ba ta shiga jerin abin tattaunawa ba. Rufin ɗakin karatu yana nan yana yoyo. A zagaye na biyu kwamiti ya sallami Dogo, aka ce sashensa ya yi yawan ma'aikata. Ƙofa kuwa tana nan, duk mai wucewa sai ya ɗaga kai, masu gudummawa suna kawo 'ya'yansu su nuna musu sunaye.

Yaya ta koma ɗakin bayan kicin, don ba ta da wani wurin. An dawo da kujerun. Ƙafar robar ba ta iso ba tukuna, ana jiran abubuwa su daidaita. Da safe takan jingina sandunanta da bango ta zauna ta yanka albasa, takalmin nan mai ƙyalli a ƙafarta ta hagu, ɗayan yana cikin kwalinsa da takardarsa. Auta ya sami shekara uku a kan kujera. Ita ta biya da fanshon shekara ashirin da tara, da ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa.